Faretin Ƙafa: Yadda Ake Duba Sawun Tsohon Soja

Jikar Baffa ce ta fara ganin jinin, ɗigo uku a kan buzun da yake salla. Da aka tambayi Baffa sai ya ce shi bai yanke ba, bai yi tuntuɓe ba. Na zaunar da shi a kan kujera 'yar tsugunno, na ɗora ƙafarsa ta hagu a cinyata, sai ga rami a tafin ƙafar, daidai gindin babban yatsa, faɗinsa kamar ƙwayar gyaɗa, kanta ta zagaye bakinsa. Na zura hannu cikin takalminsa, ƙusar da mai gyaran takalmi ya buga ta soke ni. A kanta yake takawa kullum zuwa masallaci. Abin da ya ce mini har yau yana kunnena: "Ɗana, ai ba ya zafi. Mu da muka kwana cikin rami ana ruwan wuta, wannan ɗan abin ne za a kai mu asibiti a kansa?"

Baffa ya yi yaƙin basasa, ya bar soja yana sajan. Da ƙyar muka kai shi. A can aka gano yana da ciwon suga, kuma likita ya ce ya daɗe a jikinsa. Wata huɗu ana wankin miki kafin ya rufe. Ya tsira da ƙafarsa da yatsunsa biyar, amma a ɗakin da ake masa wanki mun ga sa'o'insa da ba su tsira da nasu ba.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wannan lalura kam sau da yawa mai ɗakin ne na ƙarshen sani, domin jijiyar da za ta kai masa labari ita ce ta fara mutuwa. Shi ya sa na rubuta wannan jagora ga 'yan mazan jiya da waɗanda ke kula da su. Ƙafar tsohon soja da ido da hannu ake bincikarta, a kan lokaci, ko ya yi kuka da ita ko bai yi ba.

Abin da ƙafar ta ɗauko daga bariki

Wanda ya shiga yaƙin basasa yana ɗan shekara 18 a 1967 yau ya haura 75. Wanda ya sauka Laberiya da rundunar ECOMOG a 1990 yana ɗan 25 ya kai sittin ko ya kusa. Shekarun da suga da hawan jini da toshewar hanyoyin jini suke bayyana ke nan, kuma suna sauka ne a kan ƙafar da ta riga ta sha wuya: doguwar tafiya da kaya a baya, takalmin soja mai tauri wanda ba lallai ya zo daidai ba, targaɗen da aka ɗaure aka koma aiki, ɓarɓashin ƙarfe da ya zauna cikin tsoka. Tun 1855 wani likitan soja a Furushiya mai suna Breithaupt ya bayyana kumburin ƙafa da ke samun sojoji bayan maci mai nisa, wanda daga baya aka gane tsagewar ƙananan ƙasusuwan tsakiyar ƙafa ce. Irin wannan tsagewa idan ta haɗe a karkace, nauyin jiki sai ya taru a wuri guda. Wurin ya yi kanta, kuma a ƙarƙashin kanta gyambo yake fara tsiro.

Sai kuma halin da aikin ya dasa masa. An horar da soja ya cije, kada ya nuna gazawa. Wannan hali ya cece shi a fagen daga, amma a tsufa shi ke sa ya ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsa. Ba na ganin laifinsa. Abin da nake gani shi ne a tuna masa da ɗaya rabin horon. A ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da sanyi da laima suke ruɓar da ƙafafun sojojin Birtaniya, an ɗora wa hafsoshi duba ƙafar kowane soja, aka haɗa sojoji bibbiyu kowa ya kula da ƙafar abokinsa, aka tilasta sauya safa. Duba ƙafa aikin soja ne tun asali. Da na fahimci haka sai na daina ce wa Baffa "bari in duba ciwonka". Nakan ce, "Baffa, lokacin faretin ƙafa ya yi." Sai ya miƙo ta ba gardama.

Dubawar gida, kullum

Minti biyu ta isa. Ga Musulmi babu lokacin da ya kai bayan alwalar la'asar, ƙafa a wanke kuma da sauran haske. Wanda ba Musulmi ba ya haɗa ta da wankan yamma. A zauna a fili, a cire takalmi da safa duka biyu, ko da ɗaya ce ake zargi, domin da 'yar'uwarta ake gane abin da ya sauya.

A fara da tafin ƙafa, daga ƙarƙashin yatsu zuwa diddige. Tsoho mai ciwon baya ko raunin ido ba zai iya ganin nan ba, don haka a ajiye masa madubi a ƙasa, ko wani ya duba masa, ko a ɗauki hoto da waya a nuna masa. Hoton yana da wani amfani: bayan mako guda za a iya kwatantawa a ga ko tabon ya ƙaru. Abin nema shi ne yanka, bororo, faso mai zurfi, kanta sabuwa, musamman kantar da ke da ɗigon baƙi ko ja a cikinta, wadda ke nuna jini ya zuba a ƙarƙashi. Daga nan a buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Fatar da ta yi fari ta jiƙe tana saɓulewa, abin da ake kira cin ruwa, ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. A dubi farce, ko ya shige cikin nama ko ya yi kauri ya danne na kusa da shi. A dubi idon sawu ta waje da bayan ƙafa, inda zaman tahiya ke barin kanta, domin a ƙafar mai suga wannan wurin ma yana fashewa.

Akwai abin da littattafan da aka rubuta don fararen fata ba su cika faɗa ba. Suna cewa a nemi wurin da ya yi ja, alhali a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Mu abin da za mu nema shi ne wurin da ya fi sauran duhu, ko yake ƙyalli, ko ya kumbura. Sannan a sa bayan hannu a shafa ƙafafun biyu a wuri iri ɗaya. Idan ɗaya ta fi ɗaya zafi a fili, akwai abin da ke ci a ciki. Idan ɗaya ta yi sanyi ƙalau ta dushe, jini ne ba ya isa.

Kafin a mayar da takalmi a kife shi a kakkaɓe, a zura hannu har ƙarshensa. Tsakuwa, ƙusa, ƙaya, kunama, ɗinkin da ya taso, duk yatsan hannu zai ji abin da ƙafar ba za ta ji ba.

Sau ɗaya a 'yan watanni a yi gwajin taɓa yatsu, wanda likitocin asibitin Ipswich a Ingila suka ɓullo da shi, kuma ba ya buƙatar komai sai yatsan mai dubawa. Tsohon ya kwanta ko ya miƙe ƙafa, ya rufe ido, ya ce "na ji" duk lokacin da ya ji an taɓa shi. Mai dubawa ya ɗora kan manuninsa a hankali a kan tsinin yatsa na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba dannawa, ba shafawa, ba maimaitawa. Yatsu shida ake taɓawa: babba, na tsakiya da ƙarami a kowace ƙafa. Idan biyu ko fiye suka wuce bai ji ba, jin ƙafarsa ya ragu, sai a kai shi asibiti a tabbatar. A kula da wani abu: tsohon soja ba ya son faɗuwa jarrabawa, zai iya cewa "na ji" don ya ji motsin hannunka. A riƙa jinkirtawa tsakanin taɓawa ɗaya da ta gaba, kada ya gane salon.

A kuma saurari yadda yake kwatanta ƙafarsa. "Kamar ina tafiya a kan auduga." "Kamar an zuba mini barkono da dare." "Kamar kiyashi na yawo." "Silifas ya zame ban sani ba." Duk maganar jijiya ce. Wanda kuma ya ce idan ya yi tafiya kaɗan sai sha-raɓarsa ta ƙulle, ya tsaya ta saki, ya ci gaba ta sake ƙullewa a daidai wannan nisan, wannan maganar hanyar jini ce. Idan har ta kai zafin yatsu yana tashinsa cikin dare sai ya sauko da ƙafar daga gado yake samun sauƙi, toshewar ta yi nisa, kada a kwana biyu ba a ga likita ba.

Abin da za a nema a asibiti

Duk tsohon soja ya san tantancewar fansho, kuma ba ya wasa da ranarta. Ina roƙon a ba tantancewar lafiya irin wannan matsayi, aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda ke da rajista da DHML, kamfanin da ke kula da inshorar lafiyar sojoji da waɗanda suka yi ritaya, ya tafi da katinsa asibitin da aka rubuta masa. Manyan lalurori akan tura su wurare irin su asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, ko asibitocin koyarwa. Amma gwajin farko babban asibitin gari ma zai iya yi.

Dabara ɗaya da na koya: da an shiga ɗakin likita a cire takalmi da safa tun kafin ya ce. Layi yana da tsawo, likita yana sauri, ƙafar da ke cikin takalmi ba a cika tunawa da ita ba. Ƙafa tsirara a gabansa kuwa dole ya duba.

Zai gwada ji da wani siririn zaren roba mai tauri, wanda ake dannawa a tafin ƙafa har ya lanƙwasa, a lokacin nauyinsa giram 10 ne. Akan gwada ƙarƙashin babban yatsa da gindinsa da gindin ƙaramin yatsa, ba a kan kanta ba. Wanda bai ji wannan zare ba, ba zai ji tsakuwa a takalmi ba. Wasu kuma suna ɗora wani ƙarfe mai baki biyu da ke kaɗawa a kan ƙashin babban yatsa. Bayan ji sai jini. Akwai wurare biyu da ake taɓa bugun jini a ƙafa, a bayanta da kuma bayan idon sawu ta ciki. Idan ba a ji su ba, akan auna ƙarfin jini a idon sawu a raba da na hannu. Sakamakon da ya yi ƙasa da 0.9 yana nuna hanyar ta ƙuntata. A masu suga da masu ciwon ƙoda wani lokaci lambar takan haura 1.3 saboda hanyoyin jinin sun ƙandare, wannan ma ba lafiya ba ce, ƙarin bincike yake nema.

Ƙafa ba ta rabuwa da sauran jiki, saboda haka a haɗa da gwajin suga. Idan an auna da safe kafin a ci komai aka sami 126 ko fiye a injin da ke ƙirga da manyan lambobi, ko 7.0 a mai ƙananan lambobi, kuma aka maimaita aka sake samu, ciwon suga ne. Gwajin HbA1c yana nuna yadda sugan ya kasance cikin kusan wata uku, kuma 6.5 zuwa sama shi ne ma'aunin ciwon. A auna hawan jini, 140 bisa 90 da ya ƙi sauka yana buƙatar magani. A duba ƙoda ta jini da fitsari, a duba ido, domin sugan da ya taɓa jijiyar ƙafa sau da yawa ya taɓa waɗannan. Ba suga kaɗai ke kashe jin ƙafa ba: yawan giya, ƙarancin bitamin B12 wanda daɗewa a kan metfomin kan jawo, wasu magungunan tarin fuka, kuturta, da tsohon rauni a baya ko a jijiya duk suna yi.

A tafi da duk magungunan da yake sha cikin leda, har da na kemis da na gargajiya. Yawancin tsofaffin sojoji suna da ciwon gaɓoɓi, kuma da yawa suna rayuwa a kan diklofenak da ibufurofen, waɗanda ke cin ciki da ƙoda idan an daɗe a kansu. Wanda ya fi damuna shi ne "haɗi" da ake ƙullawa a leda ba suna, domin akan sa masa irin maganin da ke ɗaga suga yana hana miki warkewa. Ya kuma ba likita tarihin raunukansa dalla-dalla: ina harsashi ya shiga, an cire ko yana nan, wace ƙafa ce ta taɓa karyewa. Mai ƙarfe a jiki lallai ya faɗa kafin a sa shi cikin na'urar MRI, saboda maganaɗisu ce mai ƙarfi. Tsohon tabon da ke buɗewa yana fitar da mugunya ya rufe ya sake buɗewa bayan watanni alama ce ta ƙwayar cuta a cikin ƙashi. Tabon da ya shekara da shekaru lafiya sai ya fara tsiro ko ya fashe ya ƙi warkewa, da baƙin tabo a tafin ƙafa da ke faɗaɗa, waɗannan biyun a nemi a yanki ɗan nama a auna, domin wani nau'in kansar fata a baƙar fata ya fi fitowa a tafin ƙafa.

Kafin a fito a yi tambaya ɗaya: "Likita, yaushe za mu dawo a sake duba ƙafar?" Ga masu suga, ƙa'idar da ƙwararru na duniya suka shimfiɗa ita ce wanda jinsa da jininsa lafiya ya dawo bayan shekara. Wanda ɗaya daga ciki ya taɓu, wata 6 zuwa 12. Wanda duka biyun suka taɓu, ko ɗaya ya taɓu kuma ƙafar ta karkace, wata 3 zuwa 6. Wanda ya taɓa yin gyambo, ko an taɓa yanke masa wani sashe, ko ƙodarsa ta gaza, wata 1 zuwa 3. Wannan na ƙarshen a riƙe shi da kyau, domin kusan mutum 4 cikin 10 da gyambonsu ya warke yakan dawo musu cikin shekara guda. Wanda ya rasa ƙafa ɗaya, a fagen daga ne ko a asibiti, ɗayar da ta rage tana ɗaukar aikin biyu, ita ce ta fi buƙatar ido, tare da dungulmin da ke shiga cikin ƙafar roba.

Hunturu, bazara da mai yankan farce

Kowane yanayi da irin tarkonsa. Da hunturu diddige yake tsagewa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shafa man kaɗanya ko basilin bayan wanka da kafin kwanciya, a tafi da diddige da bayan ƙafa, amma ban da tsakanin yatsu. Nan bushewa ake so, a tsane shi da tsumma mai laushi bayan kowace alwala. Babban haɗarin hunturu shi ne jin ɗumi. Tsoho ya miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta, barci ya ɗauke shi, ya farka da ƙuna bai ji komai ba. Mai mataccen ji ya sa safa, ya nisanci garwashi, ruwan wanka kuma a gwada masa da gwiwar hannu, kada ya tsoma ƙafa don ya ji zafinsa. Da bazara kuwa rairayi da siminti da harabar masallaci da azahar suna gasa tafin ƙafa. Alhazai masu suga suna ƙonewa haka a Makka da Madina idan takalminsu ya ɓace suka taka da ƙafa. Kada mai mataccen ji ya yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida.

Farce a yanke shi bayan wanka lokacin da ya yi laushi, a miƙe, kada a bi kusurwa a tona. Masu yawo da almakashi suna yankan farce sana'arsu suke yi, amma sukan tona gefen farce su kankare kanta, da kayan da suka yi wa wani aiki. Ƙafar da ba ta ji ko jininta ya yi ƙaranci ba tasu ba ce. Reza ma haka. Kaushi mara kauri a goge shi a hankali da dutsen goge ƙafa, kanta mai kauri a bar wa ma'aikacin lafiya.

Takalmi a saye shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Ga hanya mai sauƙi: ya tsaya a kan kwali a zana ƙafarsa, a yanke zanen a zura cikin takalmin. Idan kwalin ya nannaɗe, takalmin ya matse shi, ko da ya rantse daidai ne. A bar sarari kamar faɗin yatsa a gaban mafi tsawon yatsunsa. Mai rufi, mai laushi a ciki, mai kauri a ƙasa, mai maɗauri shi ake so. Silifas mai igiya tsakanin yatsu yana goge fata, yana kuma kayar da tsoho. Sabon takalmi a sa shi awa ɗaya ko biyu a cire a duba. Tsohon takalmin soja da wasu ke ajiyewa don ranar fareti ya bushe ya ƙandare, ƙafar ma ta sauya fasali, a duba shi sosai kafin a sa. Safa mai haske ta fi, domin tana nuna jini. Taba sigari kuwa, babu abin da ke rufe hanyar jinin ƙafa kamarta, kuma barinta yana da amfani ko a shekara 70.

Idan rauni ya samu

A wanke da ruwa mai tsabta, ko ruwan da aka tafasa ya huce aka zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita. A rufe da bandeji mai tsabta. A sauke nauyi daga kan ƙafar. Ga mai suga ko mai mataccen ji ko mai ƙarancin jini, a kai shi asibiti cikin kwana guda, komai ƙanƙantar raunin. A tambayi batun allurar titanus, musamman idan ƙusa ce ko ƙaya, domin kariyarta tana raguwa, kuma akan sabunta ta bayan shekara 10. Toka, man birki, fetur, garin kafso, man goge baki, kashin shanu, babu wanda ya dace da miki. Alwala kuma kada ta sa a kwance ɗauri ana jiƙa ciwo. Shari'a ta yarda a yi shafa a kan ɗauri, ta yarda a yi salla a zaune, ya tambayi malaminsa yadda ake yi.

Sauke nauyin nan shi ne abin da mutane suka fi rainawa, alhali shi ne rabin magani. Mikin tafin ƙafa ba ya rufewa ana taka shi. Shi ya sa likita kan sa filasta ko takalmi na musamman, ya kuma yanke matacciyar fatar da ke bakin mikin har ya ga kamar an ƙara masa girma. Baffa ya yi fushi ran da aka yi masa haka. Ma'aikaciyar da ke masa wanki ta ce masa, "Baba, sai an share gona shuka take fita." Ya yi shiru, ya bari.

Akwai alamun da ba a jira gari ya waye: wari, mugunya, yatsan da ya yi baƙi, kumburin da ke hawa ƙwauri, zazzaɓi, rikicewar tunani, sugan da ya tashi ya ƙi sauka, ko ƙafar da ta yi sanyi farat ɗaya da zafi mai tsanani. Haka ƙafa ɗaya da ta kumbura har sha-raɓa tana ciwo, domin jini ne kan daskare a ciki. Akwai kuma wata lalura da ake kira ƙafar Sharko, da sunan wani likitan Faransa: ƙafar mai mataccen ji ta kumbura ta yi zafi a taɓa, babu miki, ciwon kaɗan ne ko babu. Ƙasusuwa ne ke rugujewa a ciki. Idan aka ci gaba da takawa, tafin ƙafar yakan rufta ya koma kamar gindin ƙwarya. A daina takawa nan take, a je a ɗauki hoto.

A nan ne nake so in yi magana a kan abu biyu da na san suna da wuyar ji. Na farko, maganar cewa gyambon da ya ƙi warkewa jifa ne, ko an taka wani abu, ko daji ne wanda ba ya son allura. Na ga yadda wannan magana take cinye makonnin da ake da su. A yi addu'a, a yi sadaka, amma a yi su a kan hanyar asibiti. Mafi yawan yanke ƙafar da ake yi wa masu suga daga ɗan miki yake farawa, kuma wanda ya zo da wuri shi ne ba a cika yanke wa ba. Tsoron yankewa da ke hana zuwa, shi ke kai mutum ga yankewar. Na biyu, ɗori. Maɗora suna da daraja a cikinmu, kuma nan ake fara zuwa da targaɗe ko karaya. Amma tsoho mai ƙarancin jini idan aka ɗaure masa ƙafa da karare aka tamke, kumburi ya taso a ƙarƙashin ɗaurin, jini yakan yanke, ƙafar ta mutu cikin kwanaki. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna kokawa da wannan. Tsohon da ya gurɗe ya kasa taku huɗu, ko ƙashin yana zafi idan an danna, hoto yake buƙata kafin komai. Mai mataccen ji kuwa ko yana takawa a ɗauki hoton, domin yana iya tafiya a kan karaya. Idan an riga an ɗaure, aka ga yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun sauya launi, ko zafin yana ƙaruwa, a kwance a tafi asibiti a wannan sa'ar.

A Amurka, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji tana da shiri na musamman tun 1993 don hana yanke ƙafa, kuma ginshiƙinsa shi ne wannan dubawa da rarraba mutane gwargwadon haɗarinsu. Kayan aikin ba su fi ƙarfinmu ba: zaren gwaji, injin suga, injin awon jini, kujera da haske. Kowace 15 ga Janairu ana taruwa don tunawa da 'yan mazan jiya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuma tana faɗowa ne a tsakiyar hunturu, lokacin da faso da ƙunar wuta suka fi yawa. Ina kira ga rassan ƙungiyar Nigerian Legion da asibitocin barikoki su kafa rumfa a gefen filin a wannan mako, duk wanda ya zo a cire masa takalmi a duba, a rubuta masa ranar dawowa. Su kansu tsofaffin su haɗa kansu bibbiyu kamar yadda aka yi a ramukan yaƙi, kowa ya san halin da ƙafar abokinsa take ciki.

Kai kuma da kake da uba ko kawu ko maƙwabci da ya yi soja, kada ka jira ya kira ka. Yau bayan la'asar ka ɗauki kujera ka zauna a gabansa, ka ce, "Baba, a ba ni ƙafar in gani." Ka fara da zura hannu cikin takalminsa.